Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Ingila: Iya Wasa Ke Yanke Hukunci Ko Ƙyama?

Zuwa ga Shugabar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, Misis Debbie Hewitt, da shugabannin ƙungiyoyi 20 na gasar Firimiya.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Bayan haka, ni Bahaushe ne, Musulmi, ɗaya daga cikin ɗimbin mutanen da ke cika gidajen kallo duk Asabar da Lahadi, daga Kano har Damagaram, saboda gasarku. Kuɗinmu yana isa aljihunku ta hannun masu sayen izinin nuna wasa, rigunan ƙungiyoyinku kuma suna jikin 'ya'yanmu, don haka ina ganin ina da bakin yi muku tambaya. Idan ɗan wasa ya fito fili ya ce shi mai neman jinsinsa ne, me ke yanke makomarsa a wajenku, iya wasansa ko ƙyamar da ake yi masa? Kun daɗe kuna cewa a filinku ƙafa ce kaɗai ke magana. Har yau ba ku kawo mana awon da ya tabbatar da haka ba, kuma abin da tarihinku ya nuna bai goyi bayanku ba.

Na san wani a cikinku zai ce ina ruwan ɗan Najeriya da wannan magana, mutumin da ƙasarsa ta kafa dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi a 2014. Laifi tudu ne, na sani. Matsayin addinina kan luwaɗi a bayyane yake, ban zo ɓoye shi ba, ban kuma zo neman wani ya sauya nasa ba. Amma addinin nan ne dai ya ce, a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yi musu adalci. Shi ne kuma ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya hana jifansu da zargi ba hujja. Wanda aka ɗauka aikin buga ƙwallo, da ƙwallo ya kamata a auna shi, kamar yadda nake so a auna ɗan wasa Musulmi da ƙwallonsa ko da kocinsa ba ya son ganin sallarsa. Ku ma dokarku ta daidaito ta 2010 ta haramta hana mutum aiki saboda wannan dalili. Da dokarku da alƙawarinku nake riƙe ku.

Mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami jininmu ne. Justin Fashanu, an haife shi a Hackney ta Landan a 1961, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Guyana. Shi da ƙanensa John sun ɗanɗana zaman gidan renon yara kafin wasu Turawa mata da miji su ɗauki riƙonsu a wani ƙauye na Norfolk. A watan Fabrairun 1980, yana ɗan shekara 18, ya karɓi ƙwallo a bakin da'irar Liverpool ya ba raga baya, ya ɗaga ta da ƙafar dama, ya juya ya ɗirka ta da hagu tun ba ta taɓa ƙasa ba, ta wuce Ray Clemence. BBC ta zaɓe ta ƙwallon da ta fi kowace kyau a kakar. Ya ci wa Norwich ƙwallo 35 a wasa 90 na lig, ya buga wa tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21 wasa 11. A Agustan 1981 Nottingham Forest, wadda ta ɗauki kofin Turai a 1979 da 1980, ta saye shi fam miliyan ɗaya. Shi ne baƙar fata na farko da aka taɓa biyan wannan kuɗi a kansa a ƙasarku. Babu mai shakkar iyawarsa a ranar da ya sa hannu.

A kakar da ta biyo baya ƙwallo 3 ya ci a wasa 32. Mai cewa iyawa ce kawai ke aiki a nan yake tsayawa, ya nuna alƙaluman ya ce ga shi nan, yaron bai taɓuka komai ba. To, amma me ya faru tsakanin 35 ɗin da 3 ɗin? Kocinsa Brian Clough ya ji labarin cewa yaron yana zuwa gidajen rawa na masu neman maza. Ba wani ya ƙaga masa ba, shi Clough da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa yadda ya tsare shi da tambaya: ina kake zuwa in kana son burodi, ina kake zuwa in kana son nama, to me kake nema a wancan gida? Ya kuma yi tambayar da kalmar zagi. Daga baya ya hana shi yin atisaye da sauran 'yan wasa, da ya ƙi tafiya aka kira 'yan sanda suka fitar da shi daga filin. Yaro ne da bai wuce shekara 21 ba, baƙar fata a lokacin da ake jifan irinsa da ayaba daga wurin zaman 'yan kallo, ga nauyin fam miliyan a kansa, ga mutumin da ya kamata ya zame masa uba a wurin aiki ya zama mai tozarta shi a gaban abokansa.

Duk wanda ya san ƙwallo ya san ɗan wasan gaba da zuciya yake ci. In gabansa na faɗuwa kafin ƙwallo ta iso, zai makara da taku ɗaya, taku ɗayan nan kuwa shi ne tsakanin raga da waje. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da kuke so a tsaya a kanta, wai iyawa ce ko ƙyama, an gina ta ne kamar abubuwan biyu ba sa haɗuwa. Ƙyama tana fara cin iyawar mutum, sannan ta ɗauko abin da ya rage ta kafa hujja da shi. Kamar a hana doki dawa wata uku ne, sannan a kai shi sukuwa, in ya zo na ƙarshe a ce dama can ba shi da gudu.

Ku duba abin da ya faru da ya bar hannun Clough. An ba da shi aro ga Southampton, ya ci 3 a wasa 9, daidai da abin da ya ci a kaka guda cur a Forest. A Disambar 1982 aka sayar da shi ga Notts County kan fam 150,000. Filinsu da na Forest kogin Trent ne kawai ya raba su, gari ɗaya, rukuni ɗaya a lokacin, kuma ƙungiya ce mai rauni da ke ta faman kaucewa faɗuwa. Can ya ci 20 a wasa 64. Ƙafar ita ce dai, kocin ne ya sauya. Na yarda manyan cinikayya kan lalace ba tare da wata ƙyama ba. Mun ga Fernando Torres a Chelsea bayan an biya fam miliyan 50 a 2011, ya yi ta ɓarar da ƙwallaye a bakin raga. Amma an yi haƙuri da shi, an ci gaba da sa shi a wasa, an yi ta neman hanyar dawo masa da ƙarfin zuciya shekara uku da rabi. Ba wanda ya kira masa ɗan sanda.

Abin da ya fi damuna a labarin Justin shi ne duk wannan ya same shi tun bai ce uffan ba. Sai a Oktoban 1990 ya bayyana kansa a jaridar The Sun, lokacin yana da shekara 29, ciwon gwiwar da ya same shi ya riga ya cinye rabin ƙarfinsa. Wanda ya ce gwiwa ce ta hana manyan ƙungiyoyi ɗaukarsa bayan 1990 yana da gaskiyarsa. Sai dai an riga an karya shi shekara tara kafin nan, kan jita-jita kawai. Ƙanensa John, wanda muka sani sosai a Najeriya, ya faɗa da bakinsa a 2015 cewa ya ba shi fam 75,000 don ya yi shiru. Daga nan sai yawo, Torquay, Airdrie, Hearts, har New Zealand da Amurka, kusan ko'ina da waƙar zagi a bayansa.

Ba zan wanke shi tas ba, don adalci bai yarda da haka ba. Ya sayar wa jaridu labaran ƙarya game da wasu 'yan majalisa, Hearts ta kore shi a 1994. A 1998 wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Maryland ya zarge shi da cin zarafi, zargi mai nauyi wanda ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, domin Justin ya gudo Ingila, kuma a farkon watan Mayu aka tsinci gawarsa a wani gareji a Shoreditch, ya kashe kansa yana da shekara 37. A takardar da ya bari ya musanta zargin, ya ce ba ya ganin za a yi masa shari'ar adalci. Allah ne masanin gaskiyar wannan. Amma abin da ya faru a 1998 ba ya halatta abin da aka yi wa yaro a 1981. Clough ma ya nuna nadama a ƙarshen rayuwarsa. Sai a 2020 aka sa sunan Justin cikin jerin gwarzayen gidan tarihin ƙwallonku, 'yar ɗan'uwansa Amal ta karɓi lambar.

Akwai lokacin da a ƙasarku ake cewa baƙar fata ba ya jure sanyi, ba shi da kaifin tunanin da zai riƙe tsakiyar fili. Shugaban Crystal Palace na wancan zamani, Ron Noades, ya faɗi makamancin haka a talabijin a 1991. Su ma a lokacin cewa ake yi iyawa ce ke raba su da wasu, babu wata ƙyama. Sai masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya ɗauki albashin ƙungiyoyinku da sakamakonsu daga 1978 zuwa 1993, ya gano cewa ƙungiyoyin da suka fi yawan baƙaƙen 'yan wasa suna samun matsayi sama da abin da albashinsu ya kamata ya saya musu. Ma'ana, ana sayen baƙar fata ƙasa da darajarsa, wasu ƙungiyoyi kuma sun gwammace su yi asarar maki da su ɗauke shi. An iya gano wannan ne saboda launin fata ba ya ɓoyuwa, ana iya ƙirga shi. Wanda muke magana a kansa kuwa ba ya cikin kowane lissafi, domin ya san ranar da ya shiga lissafin ranar ce wahalarsa za ta fara.

Ku dubi shirun da kanku. Ƙungiya 20, kowace da 'yan wasa kusan 25, wato mutum wajen 500 duk kaka, ana shigowa ana fita tun 1992. A cikinsu duka babu ko ɗaya da ya bayyana kansa yana kan buga Firimiya. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna kashi 3.2 cikin 100 na 'yan shekara 16 zuwa sama sun sa kansu a wannan rukuni. Ko da a ce a cikin 'yan ƙwallo kashi ɗaya ne tak, ina suke? Ɗayan biyu ne: ko dai suna nan sun kulle bakinsu, ko kuwa sun watse tun suna makarantun horarwa, kafin kowa ya san me ƙafarsu za ta iya. Ruwa ba ya tsami banza. Thomas Hitzlsperger ya buga wa Aston Villa da West Ham da Everton, ya ɗauki kofin Bundesliga da Stuttgart a 2007, ya buga wa Jamus wasa 52, amma sai da ya rataye takalmansa sannan ya yi magana a Janairun 2014. Wanda ya riga ki zama a kujerar nan, ranki ya daɗe, Greg Clarke, ya gaya wa kwamitin majalisa a 2016 cewa zai yi taka-tsantsan kafin ya shawarci ɗan wasa ya fito, saboda zagin da zai sha. Shugaban hukuma ke nan yake shaida cewa filin da yake kula da shi ba shi da aminci. A ɓangaren mata kuwa, inda ba a cika tayar da jijiyar wuya kan wannan ba, Beth Mead ta ɗauki kyautar takalmin zinare a gasar Turai ta 2022 aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar, Sam Kerr ta yi ta kwasar kofuna da Chelsea, dukansu biyu ba su ɓoye cewa masu neman jinsinsu ne ba, amma ba wanda ya ga rayuwarsu ta rage musu komai a fili.

Bari in ɗauko misali daga Amurka, don a can ne aka fi yin gardamar nan da alƙaluma. A ƙwallonsu mai kama da zari-ruga, ƙungiyoyin babbar gasarsu ta NFL kan zauna duk shekara su zaɓi matasa daga jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Michael Sam na Jami'ar Missouri ya kammala kakar 2013 a matsayin ɗaya daga cikin biyun da aka ba kyautar gwarzon mai tsaron baya a rukunin gasar jami'o'i na SEC, rukunin da ake ganin ya fi kowane zafi. A Fabrairun 2014, kafin zaɓen, ya bayyana kansa. Nan take wasu jami'an ƙungiyoyi, waɗanda suka ƙi a ambaci sunansu, suka gaya wa mujallar Sports Illustrated cewa maganar za ta rage masa daraja. Da ranar ta zo, shi ne na 249 cikin 256. St. Louis Rams ta ɗauke shi, ya yi abin a yaba a wasannin share fage, aka sallame shi a ƙarshen Agusta. Dallas Cowboys ta ajiye shi cikin 'yan atisaye 'yan makonni, ita ma ta sallame shi. Bai taɓa buga wasan gasa ko ɗaya a NFL ba.

Masu cewa iyawa ce suna da abin riƙewa. A gwajin gudu na yadi 40 ya yi daƙiƙa 4.91, wanda ya yi nauyi ga mai girman jikinsa, bai kai girman masu tsayawa a layin gaba ba, bai kuma kai saurin masu tsayawa a bayansu ba. Rams ɗin ma tana da Robert Quinn da Chris Long a gurbinsa. Ni ban ce Sam tauraro ne da aka danne ba. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar Tony Dungy, tsohon koci mai daraja, baƙar fata na farko da ya ci babban kofinsu a matsayin koci. Ya ce shi da ba zai zaɓi Sam ba, ba don bai cancanci dama ba, sai don ba ya son fama da hayaniyar da za ta biyo. A nan ƙyama take ɓuya. Ba ta cewa na ƙi ka. Cewa take yi ba na son surutu, ba na son ɗakin sauya kaya ya rikice, 'yan jarida za su dame mu.

Wannan kuma ba ya taɓa tauraro. Da a ce gobe wanda ke cin ƙwallo 30 a kaka ya fito ya yi magana, ba ƙungiyar da za ta sake shi, magoya baya ma za su haɗiye abin da ke ransu. Amma yawancin 'yan ƙwallo ba taurari ba ne. Mutane ne da a kowane gurbi akwai goma masu kama da su, ƙarfi ɗaya, farashi ɗaya. Idan koci zai ɗauki ɗaya cikin goman, ƙaramin dalili ya isa ya ture mutum, kuma babu wanda zai iya kama shi da laifi, tunda wanda ya ɗauka ɗin ma ya iya. Shi ya sa kusan duk waɗanda suka tsira da aikinsu sai da suka kafu tukuna. Carl Nassib yana riƙe da kwantiragin dala miliyan 25 da ƙungiyar Raiders ta NFL lokacin da ya yi magana a 2021, ya kuma ci gaba da wasa har ya koma Tampa Bay. Robbie Rogers da ya bar Leeds a 2013, a rana ɗaya ya bayyana kansa ya kuma ce ya bar ƙwallo, sai da ya koma gida Amurka sannan ya dawo, ya ɗauki kofin MLS da LA Galaxy a 2014. Jakub Jankto ya riga ya buga wa Jamhuriyar Czech wasanni da dama kafin 2023, Cagliari ta Italiya kuma ta saye shi bayan nan. Sam shi ne ya yi magana tun bai da komai a hannu.

A ƙasarku sai da aka shekara 32 bayan Justin kafin a samu na biyu, Jake Daniels na Blackpool, a Mayun 2022, yana ɗan shekara 17. Kun yaba masa, firaminista ma ya yaba. Daga baya aka yi ta ba da shi aro ga ƙananan ƙungiyoyi. Mai yiwuwa iya ƙarfinsa ke nan, don mafi yawan yaran da ke fitowa daga makarantun horarwa a nan suke ƙarewa. Josh Cavallo na Adelaide United a Ostireliya, wanda ya yi magana a 2021, ya ji mummunan rauni a agara, ya kuma ce kullum sai an aiko masa da barazanar kisa, ya ƙare a ƙananan rukunoninku. Kowane ɗayansu, in aka ɗauke shi shi kaɗai, ana iya samo masa dalilin da bai shafi ƙyama ba. Damuwata ita ce ku ma ba ku da hanyar bambancewa, kuma kun gamsu da zama a haka.

Maimakon wannan aiki, me muka yi ta gani? Igiyar takalmi mai launin bakan gizo, alamar goyon bayan masu neman jinsinsu, tun daga 2013, da kambun kyaftin mai launi sau ɗaya a shekara. Sai gardama ta bar kan yaron da ke tsoron rasa aikinsa, ta koma kan wane ne ya ɗaura, wane ne ya ƙi. A ƙarshen 2024 kyaftin ɗin Ipswich, Sam Morsy, ɗan wasan Masar, ya ƙi ɗaura kambun saboda addininsa, aka kwana ana tattauna shi. Noussair Mazraoui na Manchester United ya ƙi sa rigar da aka tanada, abokansa suka ajiye tasu don kada a ware shi. Marc Guehi na Crystal Palace, Kirista, ya rubuta sunan Annabi Isa a kan nasa, kuka tunatar da shi doka. Mu da ke kallo daga nan, abin da ya iso mana shi ne wai Musulmi da 'yan Afirka su ne matsalar. Ranku ya daɗe, wanda ya kira wa Justin 'yan sanda ba Musulmi ba ne. Dubban da suka yi ta yi masa waƙar zagi daga gari zuwa gari ba daga masallaci suka fito ba. Jaridun da suka yi ciniki da sirrinsa na Landan ne. Morsy bai zagi kowa ba, bai hana kowa wasa ba, ƙyalle kawai ya ƙi ɗaurawa. Tilasta wa mutum alamar abin da bai yi imani da shi ba wani zaluncin ne, kuma ba ya ƙara wa ɗan wasan da kuke cewa kuna karewa ko minti ɗaya a fili.

Kun nuna kun san yadda ake yi wa mutum wuri ba tare da an tilasta wa kowa bin aƙidarsa ba. A Afrilun 2021, a wasan Leicester da Crystal Palace, an dakata na ɗan lokaci don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su yi buɗa-baki. Ba a ce sauran su ɗauki azumi ba, ba a ce su sa wata alama ba. An dai ba mutum biyu dama su yi aikinsu cikin mutunci. Mun ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ba zan iya jin daɗinsa sannan in ce wani ɗan wasan bai cancanci a bar shi ya nemi abincinsa lafiya ba.

Abin da nake roƙonku ya fi igiyar takalmi wahala. Ku leƙa inda ake yanke hukunci a ɓoye, wato rahotannin masu farautar 'yan wasa da maganganun da ke gudana tsakanin dillalai da daraktocin ƙungiyoyi. A nan ake rubuta cewa wane yana da matsalar hali, ko ba zai dace da ɗakin sauya kaya ba, ba tare da an ce me ya yi ba. Ku wajabta cewa duk irin wannan hukunci ya zo da dalili a rubuce, latti ne, faɗa ne, ƙin bin umarni ne, yadda wani mai zaman kansa zai iya dubawa. Ku haɗa kai da ƙungiyar 'yan wasa ta PFA ku buɗe ƙofar ƙorafi wadda ba ta bi ta ofishin koci ko na shugaban ƙungiya ba, domin yaro ba zai kai ƙarar wanda ke riƙe da kwantiraginsa wurin shi wannan mutumin ba. Sannan ku riƙa tambayar yaran da kuke sallama daga makarantun horarwa, ba tare da ɗaukar suna ba, me suka ji, me aka ce musu, me ya sa wasu suka tafi da kansu, ku buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi muku daɗi ba.

Batun 'yan kallo kuma, tara ba ta isa ba. Ofishin masu gabatar da ƙara ya ayyana waƙar zagi da luwaɗi da ake yi wa 'yan wasan Chelsea a matsayin laifin ƙiyayya a 2022, kun ci Wolves tarar fam 100,000 a kanta a 2023. Wannan kuɗi bai kai albashin mako guda na wasu 'yan wasan gasar ba. Zagin nan ma ba ya tambayar gaskiya: Graeme Le Saux mai mata ne, amma ya shekara da shekaru yana shan sa, har Robbie Fowler ya yi masa a tsakiyar fili a 1999. Sol Campbell ya sha nasa a Portsmouth a 2008. Duk yaron da ke zaune a benci yana jin abin da ake yi wa wanda ake zargi kawai, ya san abin da ke jiran wanda ya amsa. Ku rufe ɓangaren filin da waƙar ta fito, in aka maimaita ku zaftare maki, kamar yadda aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest a kakar 2023 zuwa 2024 kan lissafin kuɗi.

Alamomi kuwa ku bar su ga mai so, wanda ya ɗaura kada a zage shi, wanda ya ƙi kada a tuhume shi. Ku gargaɗi jaridu da masu shafuka su daina farautar wane ne zai fara fitowa a Firimiya, ku ma ku daina nuna kamar kuna ɗokin ranar, don rayuwar mutum ce, ba bikin hukuma ba. Wanda ya zaɓi yin shiru haƙƙinsa ne. Wanda ya yi magana kuma, in aka ajiye shi a benci ko aka ƙi sabunta masa kwantiragi, ya kamata ya samu wurin da zai je ya tambayi dalili, a buɗe takardu a nuna masa. Ina fatan jin matakin da za ku ɗauka kan waɗannan.

Na gode. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai kallon gasarku daga Arewacin Najeriya.